Takin Naitirojin da Farar Kuloba a Makiyaya

Shawarar da makiyayan shanun madara na ƙasar Ayilan a Turai da masana aikin gona suka fi yin ittifaƙi a kanta ita ce, yawan zuba takin naitirojin kamar yuriya yana rage amfanin farar kuloba. Ita wannan tsiro dangin wake ce da gyaɗa, kuma ƙwayoyin bakteriya masu suna Rhizobium da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwarta ne ke zuƙo naitirojin daga iska. Idan kuloba ta tarar da shi a shirye cikin ƙasa, sai ta rage wannan aiki mai cin ƙarfi, ciyawa kuma ta yi tsawo ta tare mata hasken rana har kulobar ta ƙare a hankali.

Saboda haka aka ba da shawarar a zuba takin a farkon bazararsu, lokacin da sanyin ƙasa bai bar kuloba ta farfaɗo ba, sannan a rage shi daga watan Mayu a gonar da kuloba ta kai kashi 20 cikin ɗari na tsiron da ke cikinta. A bar dabbobi su cinye ciyawar zuwa kusan santimita 4, a kuma kula da fosfet da fotash da farar ƙasa. Mai son tabbatar da cewa kuloba tana zuƙo naitirojin ya tono saiwarta ya tsaga ƙulli ɗaya, domin ja-ja a ciki alama ce ta cewa yana aiki.