Wai mi ake nuhi da pothole?

Ɗan Kabu-kabu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na ɗauko wani ɗan bautar ƙasa daga tasha zan kai shi Mabera, muna cikin tahiya sai ya dafa min kahwaɗa yana ta cewa pothole pothole, ni kau na aza wata unguwa yaka nuhi, kahin in ankara mun zunduma cikin rami har ledar shi ta hwaɗi. Don Allah mi kalmar ga ka nuhi, kuma kowane rami aka ce ma haka?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da arziki. Kalmomi biyu ne aka haɗa, pot wato tukunya da hole wato rami, kuma in ka lura yawanci bakinsa zagaye yake kamar na tukunya. Amma ba kowane rami ba, wanda ka sa diga ka haƙa da hannunka ko na shadda ba a ce masa haka, sai wanda ya ɓurme da kansa a kan titi. Masu ilimin duwatsu ma suna kiran ramin da ruwa ke ci a jikin dutsen gindin kogi da wannan suna, sai dai ba a kan dutse fasinjanka ke ihu ba.

Tsohon Direba:
Malam ya gama magana. Mu dai a tasha galof muka sani, shi ma daga turanci muka aro. In hanya duk ta lalace ba rami ɗaya ba sai mu ce tana da gargada, in ruwa ya cinye gehen titi ya yi zurhi wannan kwazazzabo ne. Yaro bari in hwaɗa maka yadda yaka farawa, tsaga ce 'yar ƙarama a kwalta, ruwan damina ya shiga ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙasa ta yi laushi, sai tirelar siminti ko ta albasa ta bi ta kai, shi ke nan kwalta ta karye, kowace taya ta wuce sai ta ɗebi rabonta. Shi ya sa cikin watan Agusta abin ya hi muni, ga shi ruwa ya cika ramin ba ka sanin zurhinshi sai ka ji rim ya lanƙwashe.

Yar Sakkwato:
Baba gaskiya ne wallahi. Wata ƙawata a Ingila ta ce su ma suna fama da shi, can ruwan ne ke daskarewa cikin tsagar ya kumbura ya fasa kwaltar. Nan kuma facin titunan tarayya aikin hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA ne tun da aka kafa ta a 2002, na cikin gari yawanci na jiha ne.

Ɗan Kabu-kabu:
Na gode ƙwarai. Ledar kau ƙwai ne a ciki, sai da na bar mishi kuɗin hayar.