Zuba jari a sabuwar sana'ar matasa: me korona ta koya muku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Wasu matasa biyu a nan Maradi suna son kafa wurin tatsar man gyaɗa, sun nemi in saka sefa miliyan 3 su ba ni kashi ɗaya cikin huɗu na sana'ar. Ba bashi ba ne, riba da asara duk namu ne. Waɗanda suka zuba irin wannan jari kafin korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, yaya kuka ƙare?

Ɗan kasuwar fata: Alhaji, ka riƙe kuɗinka. Na saka wa ɗan ƙanwata jari a jimar fatar jar akuya, alhali Najeriya ta riga ta rufe iyakarta tun Agustan 2019, sai annoba ta zo ta ƙarasa mu. Masu saye daga Kano suka daina zuwa, fatu suka jibge a ɗaki har ƙwari suka huda su, ga shi ba mu rubuta komai ba. Da na nemi lissafi sai mahaifiyarsa ta ce na tozarta ɗanta, yau ko gaisuwar Salla ba ta haɗa mu.

Malamar makaranta: Allah ya mayar da alheri, Baba, amma rashin takarda ne ya cuce ka. A fiƙihu, idan babu sakaci, asarar dukiya tana kan mai jari, mai aiki kuwa wahalarsa ce ta tafi. Wanda na saka wa kuɗi yana kai kaya gida-gida a babur, kuma lokacin korona cinikinsa ya ƙaru.

Ɗan kasuwar fata: Ƴata, mai jiran albashi a ƙarshen wata ba zai koya wa ɗan kasuwa asara ba.

Makanike: Miliyan 3 ta yi yawa, domin injin tatsa bai kai miliyan 1 da rabi ba.

Mai tambaya: Su kuwa sun ce injin kaɗai ya haura miliyan 2.

Wani matashi: Alhaji, idan kuɗin sun yi maka nauyi, ni ma sabuwar sana'a ce, ko takarda ba na buƙata.

Makanike: Kowane inji kuka saya, ku fara tambayar wuta. Rabon da in yi aikin yini cur ba a ɗauke ta ba har na manta, kuma man janareto yana cinye ribar tun kafin a raba.