Kuɗin ban ruwan ciyawar gida: shawarwarin da aka tattara

Gara mai ciyawa a gida ya fara da lissafi kafin ya yi kukan tsada. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ciyawa kuwa kan buƙaci kusan milimita 25 a mako, har da ruwan sama. Ke nan fili mai murabba'in mita 100 zai sha lita 2,500 duk mako. Sai ka ninka da farashin da ke takardar kuɗin ruwanka.

Don gane abin da na'urar feshi ke zubarwa, a jera gwangwanaye a filin, a kunna ta minti 15, a auna zurfin abin da ya taru. A nan ne da yawa ke gano cewa sun daɗe suna shayar da kwata, wato magudanar ruwa, maimakon ciyawa.

A ba da ruwa da sassafe, kafin rana da iska su kwashe rabonsu. A jiƙa sosai sau ɗaya ko biyu a mako don saiwa ta nutsa, kuma kada a aske ciyawar ƙwal. Wasu sun ce a bar ta ta bushe lokacin zafi, za ta farfaɗo. Wannan ya danganta da irinta, kuma ni dai ba zan gwada shi a kan sabuwar shuka ba.