Goggonmu ta maƙale a Gadarif, wani ya ce mu biya ya saka su a layin Majalisar Ɗinkin Duniya

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a yi haƙuri na san nan ba wajen siyasa ba ne amma abin ya sha min kai. Ƙanwar babanmu ce, a nan Gombe aka haife ta, aka kai ta aure Sudan tun muna yara, mijin ma ɗan uwa ne cikin mutanenmu da suka yi hijira can tun zamanin kakanni. A Wad Madani suke zaune, da dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka shiga garin a Disamba 2023 suka gudu Sinja, ba su gama hutawa ba yaƙin ya sake cim musu a tsakiyar 2024, suka wuce Gadarif. Mijin ya rasu a hanya, ciwon suga ne ba allura. Babban ɗanta kuma tun ranar gudun Sinja ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yanzu ita da yara huɗu suna kwana a wata makaranta da aka mayar wajen 'yan gudun hijira.

Dangi mun haɗa naira miliyan 3, kuma kai ya rabu uku. Akwai wani da aka haɗa mu da shi a WhatsApp ya ce yana aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, in muka ba shi dala 1,500 zai saka sunayensu a kai su Kanada. Baffa ya ce a'a, a ɗauko su ta mota ta Chadi zuwa Maiduguri kamar yadda alhazan da suke yi. Hamma babba kuma ya ce mu riƙe kuɗin tukuna, wai Amurka da Saudiyya sun sa baki an kusa tsagaita wuta, kuma sojoji sun karɓe Madani tun Janairu 2025 za ta koma gidanta. Dan Allah wanda ya san kan abin nan ya ba ni shawara, ranar Juma'a za mu zauna.

Maman Biyu (Pantami):
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka ba mutumin nan ko sisi, ɗan damfara ne wlh. Allah Ya jiƙan mijin goggo.

Malamin Bolari:
Ɗan Jekadafari sannu da ƙoƙari. Na yi aiki da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri lokacin da rikicin Boko Haram ya yi zafi, don haka bari in warware maka maganar Kanada da kyau yadda za ka iya yi wa dattawa bayani. Hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR ba ta karɓar kuɗi, rajista kyauta ce, tambayoyi kyauta, komai kyauta, kuma su da kansu suke shela cewa duk wanda ya nemi kuɗi da sunansu ɓarawo ne. Sannan abin da mutane ba su gane ba shi ne, kai mutum wata ƙasa ya zauna ana yi wa wanda ya riga ya tsallake iyakar ƙasarsa ne ya zama ɗan gudun hijira a Chadi ko Masar ko Uganda misali. Goggo tana Gadarif, cikin Sudan take, ba ta ma cikin wannan lissafin. Ko waɗanda suke ciki ɗin, a shekara ba ya kai ɗaya cikin ɗari waɗanda ake ɗauka, kuma ba kai kake nema ba, su ne suke zaɓo masu tsananin larura. Amurka da ta fi kowa ɗauka ta dakatar da shirin nata a Janairu 2025. Kanada ta buɗe wata hanya a 2024 gaskiya ne, amma ta mazauna Sudan ce masu dangi na jini da suke zaune a can da takardar zama. Kuna da wani a Kanada? In babu to magana ta ƙare.

Ɗan Jekadafari:
Babu Malam, ko Legas ba mu da kowa balle Kanada. Amma ya turo min hoton ID ɗinsa da tambarin Majalisar.

Maman Biyu (Pantami):
Hoton ID kuma? Je kowane shagon kwamfuta a Sabon Layi yara za su haɗa maka irinsa kafin a kira la'asar.

Tsohon Ɗalibin Khartoum:
Ni ina karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya yaƙin ya ɓarke, 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi. Ina cikin waɗanda aka kwaso ta mota zuwa iyakar Masar daga nan jirgi daga Aswan ya kawo mu Abuja, wasu kuma ta Port Sudan aka kwaso su. Maganar Baffa ce ta tayar min da hankali. Ka buɗe taswira ka nuna masa, Gadarif tana gabas kusa da Habasha, Chadi tana can yamma, kafin a kai iyakar Adre sai an ratsa Kordofan an ratsa Darfur gaba ɗaya, wato tsakiyar wutar kenan. El Fasher da ke Darfur ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoba 2025 bayan an kewaye ta fiye da shekara, kowa ya ga bidiyoyin abin da aka yi wa mutane, kuma daga nan faɗan ya ƙara zafi a Kordofan. Mace da 'yan mata a wannan hanyar, shinge bayan shinge na masu bindiga, a'a wlh. Motocin abinci na Majalisar ma ana ƙona su a hanyar balle motar haya. Hanyar Habasha ta Gallabat tana kusa amma yankin Amhara su ma suna nasu yaƙin. In fita za a yi to Port Sudan ce da jirgi, kuma miliyan 3 ba za ta ɗauko mutum biyar ba, ka tambayi kuɗin tikiti da kanka ka ji.

Dattijon Bajoga:
A gaya wa Baffa hanyar da yake tunawa ba ita ba ce yanzu. Daga nan Burmi kusa da mu aka tashi ai, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, garin da suka kafa kusa da Sennar har yau da sunansa ake kira. Su da ƙafa da jakuna suka bi, suna yada zango su yi noma shekara guda su ƙara gaba, babu mai harbo su daga sama. Allah Ya fitar da zuriyarsu.

Ɗan Herwagana:
Ni kam da Hamma babba zan yi magana, a yi min afuwa yayanmu ne. Wane sa baki? Tun Mayu 2023 aka sa hannu a Jidda cewa za a kare fararen hula, Amurka da Saudiyyar nan dai su ne shaidu, tawada ba ta bushe ba aka ci gaba da luguden wuta. Afrilu 2024 aka taru a Faris aka yi alƙawarin sama da yuro biliyan 2. Yuni 2024 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2736 cewa RSF su daina yi wa El Fasher ƙawanya, sun daina? Agusta 2024 aka kira zama a Suwizalan sojojin Sudan na Janar Burhan suka ƙi zuwa, a watan nan ne kuma aka tabbatar da yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. Nuwamba 2024 aka kawo wani ƙudurin Rasha ta hau kujerar na ƙi. Janairu 2025 Amurka ta ce RSF sun yi kisan ƙare dangi ta sa wa shugabansu Hemeti takunkumi, bayan 'yan kwanaki ta sa wa Burhan shi ma, a watan nan dai kuma aka rufe famfon USAID, hukumar agajin Amurka, tukwanen abinci da matasan unguwanni suke dafa wa mutane kyauta ɗaruruwa suka tsaya. Landan ma an taru Afrilu 2025 aka watse ko takardar bayan taro ba a iya haɗawa ba. Wannan na Satumba 2025 da Amurka da Saudiyya da Masar da Daular Larabawa suka kawo na tsagaita wuta wata 3, to biyu daga cikin masu sulhun ne ake zargi kowanne da ɗaure wa ɓangare guda gindi. Mutum sama da miliyan 12 sun bar gidajensu. Goggo ba za ta ci takardar taro ba, cikinta ba zai jira Juma'ar ma ba.

Abu Hanan:
Duk aikin Dubai ne, zinaren Sudan suke kwasa, mutanenmu kuma kullum suna can suna ɗaukar hoto a shaguna.

Ɗan Herwagana:
Sudan ta kai Daular Larabawa ƙara kotun duniya ta Heg a 2025, kotun ta ce ba ta da hurumi ta kori ƙarar, su kuma Daular sun musanta tun farko. Amma Abu Hanan sojojin ma ba waliyyai ba ne, jiragensu sun jefa bam a kasuwanni.

Admin:
Jama'a a dawo kan tambaya dan Allah, shawara bawan Allah ya nema.

Adda ta Tudun Wada:
Ni abin da ya ba ni mamaki tun ɗazu maza sun raba kai uku amma ban ji an ce ga abin da goggon ta ce ba. Ƙanina ka tambaye ta mana, tana son dawowa Gombe ko ku ne kuke so? Matar da ta yi shekaru a can, kabarin mijinta na can, ɗanta ya ɓata a can, kana ganin za ta hau jirgi ta bar shi? Yaran ma Larabci suka yi karatu da shi, a kawo su nan a saka su aji nawa? Mu a gidanmu mun sauke mutanen Gwoza da Damboa a 2014, ba hukuma ce ta riƙe su ba mu ne, kuma na ga yadda sati biyun farko kowa yake kawo kwano daga baya sai a bar mai gida da kayansa. In za ku kawo ta ku fara yanke wa zai ba ta ɗaki, wa zai ciyar, kar a zo ana 'yar kallon kallo. Kuma kar ku sa rai da agaji a nan, hukumar abinci ta duniya WFP da bakinta ta yi gargaɗi a Yulin 2025 cewa abincin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas zai tsaya saboda kuɗi sun ƙare.

Ɗan Jekadafari:
Adda kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Da muka yi waya shekaranjiya ta ce ba inda za ta sai ta san ko yaron yana raye. Baffa ne ya ce ruɗewa ce. Fasfonta na Najeriya kuma ya mutu tun tuni, yaran ba su taɓa yi ba.

Malamin Bolari:
To ai ta ba ku amsa. Maganar yaron, ka je ofishin Red Cross na nan Gombe ka ce kana son cike takardar neman ɗan uwa da ya ɓata, suna aiki tare da ICRC, wato Red Cross ta ƙasa da ƙasa, kuma su suna magana da ɓangarorin biyu, shi ma kyauta ne. Ka tafi da cikakken sunansa har na kaka yadda suke yi a Sudan, shekarunsa, hoto, da inda aka rabu da ranar. Ita ma ta yi irinsa a can wajen Hilal Ahmar, wato Red Crescent ta Sudan. Ba na yi maka alƙawarin za a same shi da wuri, amma sunan ya shiga. Takardu kuma ku fara tun yanzu ko ba tafiya, sashe na 25 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka haifa a waje in uwa ko uba ɗan Najeriya ne shi ma ɗan ƙasa ne, don haka yaran suna da haƙƙi. Ku nemo takardar ƙaramar hukumarta da hoton tsohon fasfon ku rubuta wa NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna waje, da ma'aikatar harkokin waje, akwai takardar tafiya ta gaggawa da ofishin jakadanci yake bayarwa.

Tsohon Ɗalibin Khartoum:
Kuɗin kuma kar ku tura gaba ɗaya, fam ɗin Sudan kullum faɗuwa yake, kuma kuɗi mai yawa a hannun bazawara a makarantar da kowa yake ganin kowa haɗari ne. Ku raba shi wata wata. Can kusan kowa da manhajar banki ta Bankak yake ciniki, ku tambaye ta ko tana da asusu ko ɗaya cikin yaran, sai ku nemi ɗan canjin da wani naku ya taɓa gwadawa, ku fara da kaɗan ta ce ya shiga sannan ku ƙara. In za ta cire tsabar kuɗi ana yanka mata wani abu, ku lissafa da shi. Abin farko su kama ɗaki su bar makarantar, kwalara ta yi ɓarna sosai a gabashin Sudan tun 2024 kuma a irin wajen nan take fi kamawa. Komawa Madani kuma a bari wani namiji cikin maƙwabtansu da suka riga suka koma ya duba gidan tukuna, da yawa sun tarar an kwashe har ƙofofi da wayar wuta.

Ɗan Jekadafari:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Zan karanta musu wannan ranar Juma'a, Baffa dai sai an lallaɓa. Mutumin Kanada ya sake kira yanzu wai gobe za a rufe layi.

Maman Biyu (Pantami):
Ka ce masa ya rufe. Kuma ka turo wa admin lambar ta bayan fage a sa a sauran guruf ɗin, na tabbata ba ku kaɗai yake kira ba.