504 ɗina na shaƙewa da na danne totur, wa ya taɓa fama da haka a Legas?

Mai 504, Agege: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sauko da wata Fijo 504 daga Jos, an ɗora mata kafireta Weber 32/36. A can lafiya lau take fizga. Ranar Lahadi muka gwada ta a rufaffen fili, tseren mita 402 ɗin nan. Ina sakin kuloci na danne totur, sai ta yi kamar za ta mutu, ta yi tari ta kafireta, sannan ta ɗauka. Kafin ta farfaɗo abokin karawata ya ba ni ratar mota uku. Na sa sababbin fulogi, ba ta canza zani ba.

Bakaniken Idi-Araba: Wa alaikumus salam Oga. Fulogin da ka cire, yaya bakinsu yake?

Mai 504: Fari fat, kamar an wanke.

Bakaniken Idi-Araba: To mai ne bai ishe ta ba. Jos na kan tudu, kusan mita 1,200, iskar can ba ta da kauri, shi ya sa masu saiti ke rage jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da mai ke bi a cikin kafireta. Legas kuwa bakin teku ce, injin na zuƙar iska fiye da can, man kuma yana nan yadda aka bar shi. Sau biyu ana kawo min irinta. Lambar da ke jikin jet faɗin raminsa ce, 140 na nufin milimita 1.40. Ka hau mataki ɗaya, ka gwada, sannan ka sake hawa. Don Allah kada ka bari wani yaro ya buɗa maka ramin da waya. An yi wa wata Datsun haka a gabana, ta koma shan mai kamar rijiya, ga kuɗin fetur tun 2023 sai addu'a.

Ɗan Mile 12: Maigida, ban ƙi maganarka ba, amma jet ba shi ke kawo shaƙewar tashin farko ba. Wata uku na yi ina canza jet a banza. Ashe ɗan famfon da ke tsarta mai lokacin da aka taka totur ne, robarsa ta tsage. Malam Mai 504, kashe injin, cire iyakilina, ka leƙa ciki ka ja totur da hannu. In ba ka ga mai ya tsarto nan take ba, ka kama ɓarawonka. A kasuwar kayan mota ta Ladipo na samo robar, sai da na zaga shago huɗu.

Alhajin Alaba Rago: Ni tawa gasket ɗin gindin kafireta ce ke satar iska. Na fesa maganin wanke kafireta a wurin tana silo, sai ƙarar injin ta sauya. Kuma ku daina duba fulogi bayan kun dawo a hankali, ƙarya zai yi muku. Ana kai ƙarshen layi ake taka kuloci a kashe injin, a kwance fulogin a wurin. In da mai na'urar awon hayaƙi a kusa, a nemi iska kashi 12.5 zuwa 13 ga mai kashi ɗaya a cikakken totur. 14.7 ɗin da ake ta faɗa na yawon gari ne.

Ɗan Mile 12: Gaskiya ne Alhaji. Kuma in ta sha gosulo a Ikorodu Road kafin ku isa fili, a buɗe bonet ta huce, man na tafasa a kwanon kafireta.

Mai 504: Allah ya saka da alheri. Na leƙa, ko ɗigo babu, robar ta tsage kuwa. Na canza ta, na ɗaga jet na maƙogwaron farko na kafiretar daga 135 zuwa 140. Yanzu tashi sai hamdala, har taya na kuka. Saura abu ɗaya: a giya uku, wajen ƙarshen layi, tana ɗan yankewa.

Bakaniken Idi-Araba: Kwanon ne ke ƙarewa da mai. Ko fulot, wato abin da ke daidaita yawan mai a kwanon, ya yi ƙasa, ko famfon mai ya gaji. Weber ba ta son ƙarfin turo mai ya wuce psi 3 ko 3.5, kada ka ɗauko mata babban famfon lantarki ta yi ambaliya. Kawo ta gobe bayan Azahar, ka taho da tsohuwar filtar mai in gani.