Sanchi ko Ajanta: ina ya kamata marubuci mai ƙaramin guzuri ya nufa?

Marubucin Zariya:
Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne, ina rubutu bayan sallar asuba kafin hayaniyar gida ta tashi, karatu kuwa sai dare ya raba, bayan na gama duba takardun ɗalibai. A watan Disamba zan je Delhi, a ƙasar Indiya, wani kwas na malamai, kuma za a bar mana 'yan kwanaki a ƙarshensa. Ina so in sa babi guda kan tsofaffin gine-ginen mabiya addinin Buddha a littafin tafiye-tafiyen da nake rubutawa, amma guzurina ba zai kai ni wuri biyu ba. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar su ba ni shawara tsakanin Sanchi da Ajanta, su kuma faɗa mini abin da ya kamata in karanta kafin in tashi.

Ɗalibar Pune:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai Ajanta zan ce, ko da yake ta fi nisa da tsada. Kogwanni ne wajen 30 da aka sassaƙa a jikin dutse, a bakin wani kwazazzabo da kogin Waghora ya ratsa, kimanin kilomita 100 daga birnin da aka fi sani da tsohon sunansa Aurangabad. Na farkonsu sun kai ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, mafi yawansu kuwa an yi su ne a ƙarni na 5 bayan haihuwarsa, sannan daji ya rufe wurin har 1819, lokacin da wani hafsan sojan Ingila mai farautar damisa ya ci karo da shi. Abin da zai kama idonka shi ne zanen bango. An yi shi ne a kan yaɓen laka da aka cakuɗa da ƙaiƙayi, kamar yadda maginanmu ke kwaɓa ƙasa, kuma a kogo na 1 akwai hoton wani mai riƙe da fure, idonsa a sunkuye, wanda sai ka tsaya idonka ya saba da duhu kafin ka ga lu'ulu'un da ke wuyansa. Ba a yarda a haska fitilar kyamara ba, kuma wurin a rufe yake ranar Litinin.

Tsohon Malamin Tarihi:
'Yata ta yi bayani mai kyau, amma ni na saɓa mata, domin wanda ke Delhi da ɗan lokaci kaɗan, Sanchi ta fi masa sauƙi: jirgin ƙasa na safe yakan kai mutum Bhopal da rana, daga nan kuma tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba. Sarki Ashoka ne ya fara gina babbar ƙubbar wurin a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya aka faɗaɗa ta, aka kafa mata ƙofofi huɗu na dutse cike da sassaƙa. A jikin ƙofofin nan ba za ka ga Buddha a siffar mutum ba, sai dai karagar da babu kowa a kanta, ko sawun ƙafa, ko bishiya, kuma a ganina marubuci zai fi samun abin tunani a nan fiye da ko'ina. Akwai kuma abin da masu karatunka za su yi mamaki: sarakunan Bhopal mata, Musulmi, wato Shah Jahan Begum da 'yarta Sultan Jahan Begum, su ne suka ba da kuɗin adana wurin, John Marshall kuma, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, ya jagoranci gyaransa daga 1912 zuwa 1919.

Mai Sayar da Littattafai:
Ba a amsa maka batun karatu ba, Malam. Ka nemi labaran Jataka, waɗanda ke ba da labarin rayuwoyin da mabiya addinin suka ce Buddha ya yi a baya, domin da yawa daga zanen Ajanta da sassaƙar Sanchi daga cikinsu aka ɗauko su, kuma wanda bai san su ba zai ga giwaye da birai ne kawai. Bayan su sai labarin tafiyar Xuanzang, malamin ƙasar Sin da ya yi karatu a Nalanda, tsohuwar makarantar mabiya Buddha a Indiya, ya koma gida a 645, wanda Alexander Cunningham, wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya riƙa bin bayanansa wajen gano garuruwan da suka ɓace. Labaran Jataka gajeru ne, don haka za su shiga karatunka na dare ba tare da sun taɓa aikin ɗalibai ba.