Aji ɗaya, ɗalibi 900: ku da kuka taɓa tsayawa a gabansu, yaya kuka yi?

Sabuwar malama:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena a wannan aiki. Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa, kuma wannan zangon aka ɗora mini GST 111, kwas ɗin Turanci na 'yan aji ɗaya. Sunayen da ke takardar rajista sun haura 900, zauren lakcar kuwa da ƙyar yake ɗaukar rabinsu. Ranar farko na tarar da wasu a kan tagogi, wasu a kan matakala, wasu tsaye a bakin ƙofa suna miƙo wuya. Ko minti 20 ba mu yi ba aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu. Na ci gaba da ƙarfin maƙogwarona har muryata ta dushe. Bayan sati uku na ba su ɗan gwaji, na ɗebo takarda 50 na karanta, sai na ga abin da na kwashe awa huɗu ina bayani a kai bai shiga ba, kuma duk tsawon lokacin nan ba wanda ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Wannan ne ya hana ni barci. Don Allah duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aji ya faɗa mini abin da ya gwada da kansa, wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Malamin fiziks:
Wa alaikumus salam Malama. Shirun nan da kike faɗa, shekara shida ina ɗaukarsa alamar ganewa. Yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye, bai taɓa ganin mutum 900 a ɗaki ɗaya ba, ba zai miƙe ya ce bai gane ba ko da za ki roƙe shi da Allah. Dole ki samo hanyar da kowa zai amsa a lokaci ɗaya, ba tare da an ware shi an zuba masa ido ba.

Ga abin da nake yi. Ranar farko kowa ya zo da farar takarda guda, ya ninke ta gida huɗu, ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe, harafi ɗaya a kowane gida. In na yi bayani na minti goma sha biyar sai in tsaya, in rubuta tambaya ɗaya a allo da zaɓi huɗu, in ce kowa ya yi tunani shi kaɗai na minti ɗaya, sannan kowa ya ɗaga harafinsa a daidai ƙirjinsa. Daga kan dandamali nakan ga ajin gaba ɗaya. In kusan kowa ya dace, sai in wuce. In kusan kowa ya kauce, laifin bayanina ne, sai in sake ta wata hanya. In kuwa amsoshin sun rabu, nan ne wurin cin riba: in ce kowa ya nemi maƙwabcin da harafinsu ya bambanta, ya shawo kansa cikin minti biyu, da Hausa ko da Turanci ko da duk harshen da suka haɗu a kai. Sai a sake ɗagawa.

Misali, bayan na koyar da dokar Newton ta uku, nakan tambaye su: tirela ta yi karo da adaidaita-sahu, wanne ya doki ɗan'uwansa da ƙarfin da ya fi? Yaran da suka haddace dokar tsaf, yawancinsu tirela suke zaɓa. Sai an yi musu sannan wani zai ce wa abokinsa, ai ƙarfin ɗaya ne, ɓarnar ce ta bambanta saboda adaidaita ba ta da nauyi. Wanda ya gane abu minti biyar da suka wuce ya fi ni sanin inda ake tuntuɓe, ni da na gane shi shekara ashirin baya.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Eric Mazur ne, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya fito da shi a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa suna iya warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayar fahimta mai sauƙi. Can daga baya sun koma amfani da 'yan na'urorin dannawa, mu nan takarda ta wadatar, kuma NEPA ba ta ɗauke ta.

Amma ki sani yana da tsada. Ba za ki gama duk abin da kika saba gamawa ba, sai kin zubar da wani abu. Tsara tambayar ma aiki ne, domin zaɓin da ba daidai ba dole ya zama irin kuskuren da yara ke yi da gaske, wani lokaci tambaya ɗaya takan ci mini dare guda. Sannan hayaniya. Satin farko na kasa dawo da su shiru, sai da muka yi yarjejeniya: in na ɗaga hannu, duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya yi shiru.

Ɗalibi, aji uku:
Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, a yi mini afuwa na shigo cikin manya. Ni ina cikin na bakin ƙofar nan a shekarata ta farko. Daga gida nake zuwa, mota biyu nake hawa, kafin in iso 'yan hostel sun ajiye littattafai sun kama kujeru tun bayan asuba. Abin da ya cece ni malama ɗaya ce da take turo saƙon murya na minti bakwai ko takwas kwana biyu kafin lakca, ta faɗi abin da za a yi da shafin da za a karanta. A cikin mota nake saurara, in maimaita sau uku. Wani malamin kuma bidiyon awa ɗaya yake turowa, wallahi ban taɓa sauke ko ɗaya ba, kuɗin datar ya fi kuɗin abincina na yini. Takardar sa hannu kuma, Malama, kar ki ɓata lokacinki. An ce sai mutum ya halarci kashi 75 cikin ɗari zai zauna jarrabawa, amma takardar tana zagayawa awa guda, hankalin kowa yana kanta, kuma mutum ɗaya yana sa wa biyar hannu.

Malamin kwamfuta:
Maganar ɗalibin nan gaskiya ce, na koye ta da wahala lokacin korona. An rufe makarantu a watan Maris na 2020, a daidai lokacin ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai wata tara, sai a Disamba aka janye. Da muka dawo a 2021 aka ce manyan azuzuwa su koma intanet. Na buɗe Zoom na kyauta, mutum 100 yake ɗauka kuma yana yankewa a minti 40. Guruf ɗin WhatsApp a lokacin 256 ne iyakarsa, sai da na buɗe uku ina tura abu ɗaya sau uku, daga baya na kwashe su zuwa Telegram. Lakcar kai-tsaye ta intanet ba ta yi mini aiki ba ko kaɗan. Rabin lokacin yana tafiya a “Malam ba ma ji”, kuma waɗanda suka fi buƙatar karatun su ne ba su da sabis.

Abu ɗaya na riƙe daga wancan zamani har yau: gwajin mako-mako. Tambaya biyar a Google Forms, a buɗe daga Alhamis zuwa Asabar, ana yinsa a kowace waya mai intanet, kuma yana duba kansa. Makin da na ɗora a kai kaɗan ne, 5 cikin 30 na CA, wato makin ayyukan cikin zango, don kar satar amsa ta zama abin wahala a kanta. Na san wasu suna kwafa. Duk da haka ranar Lahadi nakan ga tambayar da aka fi faɗuwa, kuma da ita nake buɗe lakcar Litinin. In makarantarku tana da manhajar koyarwa ta intanet, Moodle, da ke aiki, ya fi, don yana iya juya tambayoyin kowa ya samu nasa jerin. Tun da aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, duk abin da zan tura sai na duba nauyinsa tukuna.

Malamar tarihi:
Ni fa ina da ja, musamman da yake Turanci ƙanwata take koyarwa. A, B, C, D ba ya koya wa mutum rubutu. Yaran nan da CBT, jarrabawar kwamfuta, suka shigo, JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Su zo aji ɗaya a yi musu GST da CBT, wasu kwasa-kwasan aji biyu ma haka. Sai a aji huɗu su zo gabana da firojet, in tarar mutum bai taɓa rubuta sakin layi uku masu bin juna da kansa ba. Aikin gida kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 na daina yarda da shi, takardu sukan zo sumul, in ka ce wa mai takardar ya faɗi abin da ya rubuta sai ya sunkuyar da kai.

Saboda haka nake yanke minti goma na ƙarshen kowace lakca, kowa ya yaga rabin takarda ya rubuta sakin layi ɗaya a gabana, da biro. Ba na duba duka, ba zan iya ba. Sukan yi musayar takardu, in rubuta abu uku a allo da za su duba wa juna: akwai jimlar da ta ɗauki ma'anar sakin layin, akwai hujja, an sa aya inda ta dace. Sannan in karɓa, in zari 40 in karanta a gida, in zaɓi biyu in cire sunaye mu gyara tare a allo mako mai zuwa. Takardun nan su ne rajistar halartata, don da wuya mutum ya rubuta sakin layi biyar da rubutun hannu biyar cikin minti goma.

Malamin fiziks:
Hajiya, ban musa ba. Katin A, B, C, D ɗin yana nuna mini inda suka ɓata ne kawai. A kwas ɗin rubutu naki ya fi nawa muhimmanci, in da hali a haɗa su.

Malami daga Nijar:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) muke bi, lisans, wato digiri na farko, shekara uku, zango shida, kowane zango kiredi 30. A takarda an raba darasi gida biyu: CM, inda babban malami yake yi wa kowa bayani a amfi, wato babban zauren lakca, da TD, inda ake kasa ɗalibai rukuni-rukuni su yi aiki da hannunsu gaban ƙaramin malami. Amfinmu ma cika yake har waje, kuma in kuran, wato wuta, ya tafi haka muke. Abin da na gani shi ne duk shekarar da aka samu yin TD yadda ya kamata, sakamako yakan yi kyau ko da amfi ya cushe. Shekarar da ɗakuna suka yi kaɗan muka haɗe rukunai, TD ya koma wata lakcar. Malama, in kuna da masu karatun digiri na biyu a sashenku, ki nemi a ba ki ko huɗu ne, ki zauna da su awa ɗaya kowane mako ki nuna musu abin da za su yi.

Ɗaliba mai larurar gani:
Roƙo ɗaya gare ni. In za a turo rubutu, a turo shi a matsayin rubutu, kar a ɗauki hoton shafi. Wayata tana karanta mini rubutu da TalkBack, amma hoton takarda yakan gagare ta. In kuma an rubuta tambaya a allo, a karanta ta da baki har da zaɓin. Na gode.

Farfesa mai ritaya:
'Yata, duk abin da suka faɗa miki ki ɗauka. Zan ƙara biyu. Kwas mai yunit biyu awa 30 ne a zango, sati 15, awa biyu-biyu, kuma kin san rajista da hutu da tarurruka za su ci wasu. Kafin ki shirya lakca ko ɗaya, zauna ki rubuta abu huɗu ko biyar da kike so yaro ya iya yi da kansa ranar ƙarshe. Daga nan ki tsara jarrabawar da za ta auna su, sannan ki cike makonnin. Abin da bai kai ga ɗayansu ba, tura shi a karanta a gida. Sabuwar manhajar NUC, hukumar kula da jami'o'i, mai suna CCMAS, da aka ƙaddamar a Disamba 2022, ta jera wa kowane kwas abin da ake so ɗalibi ya iya, daga nan za ki fara.

Na biyu, kar dabarunki su rufe wa hukuma ido. Ma'aunin NUC a fannin Arts da zamantakewa malami ɗaya ne ga ɗalibi 30, a kimiyya 20. Cunkoson nan ya daɗe, kuma yajin aikin 2020 da na wata takwas a 2022 sun ƙara shi, don wurare da dama sun ɗauki rukuni biyu a shekara ɗaya. Ki rubuta wa shugaban sashe takarda cikin ladabi, ki sa adadin masu rajista da adadin kujerun zauren, ki nemi a raba ajin. Ni sai da na rubuta sau uku a zamanina kafin a raba nawa.

Sabuwar malama:
Allah ya saka da alheri, Baba Farfesa, takardar tana teburin shugaban sashe tun Litinin. Sati biyu ke nan ina gwada katin da rubutun minti goma, na kuma sayi 'yar lasifika mai caji. Tambayar farko a kan jimla mai aikatau ce, ajin ya rabu kusan biyu, bayan musu mafi yawa suka dawo daidai, har na tagogin nan suna ɗaga takarda. Ƙanwata mai larurar gani, na fara karanta zaɓin da baki. Hajiya, a nan na maƙale: wasu suna ƙin ba maƙwabci takardarsu don kunyar kurakuransu, musamman 'yan matan da ke zaune kusa da maza. Ke lambar rajista kike sa su rubuta maimakon suna, ko yaya kike yi?